Butar da Aka Nisanta wa Dada

Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Dada, mahaifiyar babanmu, ta amsa kiran Ubangijinta wata Talata da hantsi, a cikin garin Bauchi, a ɗakin da aka kawo ta tana amarya. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta.

Ni aka sa wa sunanta, shi ya sa ba mai kiran sunana a gidanmu, sai dai Takwara. Na so in buɗe wannan rubutu da ƙamshin turaren wutarta, wanda har yanzu yake maƙale a labulen ɗakinta kamar baƙon da bai ji an yi sallama ba. Amma abin da ya fi cika tsakar gidanmu a kwanakin zaman makoki raɗa ce, kuma da ita zan fara.

Mata sukan shigo su durƙusa, a yi "ya haƙuri", a yi "Allah Ya jiƙan rai", a shafa fatiha. Da sun sami gefen tabarma sai idanunsu su tafi bakin murhu, inda Anti, matar Bappa Ƙarami, ɗan uwan babanmu, take juya tukunyar baƙi. Ita ce surukar da ta zauna da Dada a gida ɗaya.

"Ita ce?"

"Ita ce mana. Dubi idonta, ko ɗigon hawaye."

"An ce har shara take sa ta."

"Tsohuwa da 'ya'yanta maza a raye, a ce ita ke ɗauko butarta da kanta. Allah Ya raba mu da haihuwar asara."

Goggo kuwa ba ta yi raɗa ba. Ita ce 'yar Dada ta fari, tana aure a Zungur, kuma duk ƙannenta suna shakkarta. A gabana ta tare Bappa Ƙarami a soro, ranar da aka kai Dada, ta ce, "Na yi shiru ne saboda gawa. Da an yi addu'ar bakwai ka sallami matar nan. Ba zan ƙara haɗa ido da wadda ta gallaza wa uwata ba." Bappa mutum ne mai fita aiki da sassafe ya dawo da yamma, bai san abin da ake yi a gidan da rana ba. Ya sunkuyar da kai, bai ce to ba, bai ce a'a ba. Auren Anti ya rataya a kan wannan shirun.

Wanda bai san Dada ba ba zai gane yadda aka zo nan ba. Ban taɓa ganin mai zargi kamarta ba. Ƙwayar magani sai ta juya ta a tafin hannu, ta shinshina, ta ce, "Wa ya ga lokacin da aka haɗa ta?" In za ta yi maganar wani sai ta tura waya ƙarƙashin matashi, wai abin da yake kawo murya daga nesa zai iya kai ta. Da Bappa Babba ya gina sabon gida a Tirwun ya roƙe ta ta koma can, ta je sau ɗaya, ta tsaya a bakin falo tana kallon tayil, ta ce, "Ƙasar da take ƙyalli haka akwai abin da take ɓoyewa." Ba ta kwana ba. Tana yawan cewa, "Mai yawan yi maka sannu, duba hannunsa."

Amma wannan mai zargin ce, a zamanin da take suyar masa a ƙofar gida, ta ga wata baƙuwa ta sauka a gidan haya na kusa da mu, Kirista daga kudancin jihar, ma'aikaciyar asibiti da ake kira Sista, ba ta san kowa ba. Dada ta yi kwanaki tana leƙen ta ta katanga, ta gama bincikenta, sannan ta aika mata da masa mai zafi da miyar taushe. Tun daga ranar kaskon farko na Sista ne. Sun tsufa tare, ɗaya na azumi ɗaya na aika mata ƙanƙara, ɗaya na Kirsimeti ɗaya na ba ta aron manyan tukwane.

Ni kuma abokiyar tsokanarta ce. In ta gan ni kwance da littafin soyayya sai ta ce, "Takwara, duk samarin nan naki na takarda, akwai wanda ya taɓa tako ƙafa saboda ke?" Daga nan sai labarin Malam, kakanmu, yadda yake tasowa daga Zungur a ƙasa duk Juma'a, wai ya zo masallaci, alhali masar gidansu yake zuwa saye, ya tsaya yana ci a hankali har kasko ya huce. Nakan lumshe ido in hango shi, saurayi dogo da ƙura a ƙafa da wuta a zuciya. Ita kuwa sai ta katse min mafarki, ta ce, "Baki kowa yana da shi. So a ƙafa yake."

Wata damina ta zame a ƙofar banɗaki. Ƙashi bai karye ba, amma ta bugu a ƙugu, aka kwantar da ita. Sai gida ya yi abin da aka san gidan mutunci da shi. Ba ta miƙa hannu sai an miƙo mata. Ruwa a baki, buta a gefen gado, tasa a ƙasa don alwala. In ta yunƙura sai mutum uku su taso, "Dada kwanta, me kike so?" Goggo ta zo ta tare a ɗakin, ko zani ba ta bari ta ɗaura da kanta. Ciwon ƙugu ya warke, amma ƙafafu suka zama kamar ba nata ba, suka sirance, gwiwa ta ƙi miƙewa sosai. Salla ta koma a zaune. Ranar da aka fara ɗaukar ta cak zuwa banɗaki, da aka dawo da ita ta juya fuskarta bango. Ni ce a bakin gado. Na ji ta ce, ba da ni take ba, "Wanda ake kaiwa bayi an riga an yi masa sutura, salla ta rage."

Goggo ta koma Zungur da girbi ya kira ta. Bayan tafiyarta abubuwa suka fara canzawa, kuma duk ta hannun Anti. Tasar alwala ta ɓace. Buta ta bar gefen gado ta koma bakin ƙofa, bayan wani lokaci ta koma baranda, daga baya har gindin lemon da ke tsakar gida. Kujerar Dada mai laushi aka fitar da ita aka kawo ta katako mai tauri. Da hantsi, in maza sun fita, sai Anti ta shiga ɗakin ta ja ƙofa, wani lokaci Sista ta shigo ta ƙofar baya. Sai ka ji nishi, ka ji Dada tana cewa, "Za ki kashe ni, Amarya," don haka take kiran Anti har ta rasu.

A littattafan da na taso da su, in matar ɗa ta rufe ƙofa da uwar miji, ba alheri ake ƙullawa ba. Na riƙa kallon fuskar Anti ina neman alamar mugunta, ina shinshina kunun Dada yadda ita ta koya min. Anti mace ce mai shiru, kyakkyawa irin kyan da ba ya neman a gan shi, kuma a littafi irin su ne ake ce wa a yi hattara.

Rigima ta tashi ranar da Goggo ta zo ba sanarwa. Ta tarar da Dada a kan kujerar katako tana ta yunƙurin tashi, gumi a goshi, Anti kuma tsaye dab da ita, hannuwanta a buɗe a bayan tsohuwar amma ba ta taɓa ta ba. Goggo ta yar da ƙullin kayanta.

"Innalillahi! Ke, uwar wa kike kallo haka? Hannunki ya shanye ne?"

Anti ta durƙusa ta gaishe ta da sunan da ake kiran babbar yaya, ta ce, "Sannu da zuwa, Adda."

"Riƙe sannunki. A gidanku haka ake yi wa manya? Dada, wannan ne zaman da kike yi?"

Dada ta koma ta zauna daɓas, ta kalli 'yarta, ta kalli surukarta, ta ce, "Ke dai kin cika hayaniya tun kina goye. Wa ya aiko ki?" Goggo ta dawo da buta gefen gado da hannunta, ta kwana biyu tana hidima, ta tafi da labari a bakinta. Motarta ba ta fita gari ba buta ta koma gindin lemo.

Na ga gaskiyar abin ne wata rana da aka fasa mana darasi a jami'armu da ke Gubi, na hau keke mai ƙafa uku na dawo gida kafin azahar. Ƙofar ba ta rufu sosai ba. Dada na tsaye, tafukanta biyu a jikin bango, tana ɗaga dugaduganta tana saukewa a hankali, kamar yarinya mai leƙen ango ta katanga. Anti na bayanta da hannuwa a buɗe, tana rera mata waƙar daka ƙasa-ƙasa don ta bi kiɗan. Sista na zaune a bakin gado tana cewa da irin Hausarta, "Mama, kada ka riƙe numfashi. Sauke a hankali, ba a kora ka ba."

Dada ce ta fara ganina. Ta ce, "Shigo ki rufe, magulmaciya."

A ranar na ga duka. Tashi daga kujera da komawa, da farko tana dafa gwiwa, daga baya hannu a ƙirji. Miƙe ƙafa ɗaya a zaune a riƙe ta kaɗan a sauke. Juya wuyan ƙafa kamar mai tuƙa tuwo da yatsu. Tafiya gefe-gefe tana bin bango, wadda Dada ta sa wa suna tafiyar ɓarawon kaza. Murza muciya da tafin ƙafa. Sista ta ce a asibiti an nuna musu wannan tun ranar da aka sallame ta, amma Goggo ta ce ba a haifi mai sa uwarta tsalle-tsalle ba. Dokar kuwa ita ce a tsaya kusa, hannu a shirye, kada a taɓa ta sai in ta karkata, kuma in jiri ya zo ko ciwo mai suka a dakata. Butar ma dabara ce. Salla biyar, alwala biyar, tafiya biyar, ba tare da an ce mata ta yi tafiya ba.

"To me ya sa ake ɓoyewa?" na tambaya.

Dada ta ce, "In 'ya'yana suka ji, za su ce an wulaƙanta ni, su ɗauke ni su kai Tirwun su ajiye a kan katifa kamar ƙwai. In unguwa ta ji, za a ce matar Malam ta tsufa tana ɗaga ƙafa a gaban suruka. Ki bar ni da kunyata. Bayan raina ku yi ta talla."

Na juya wajen Anti na ce ai sunanta ne yake ɓaci. Ta yi murmushi kawai. Sista ce ta gaya min daga baya cewa mahaifiyar Anti ma haka aka yi mata hidima bayan ta faɗi, aka yi ta yi mata komai har bayanta ya yi gyambo, ba ta sake taka ƙasa ba.

Kada a ɗauka Dada ta yarda da su ne. Har ƙarshe tana zarginsu. Takan ce, "Ku biyun nan kun haɗa baki, ɗakina kuke so." In Anti ta ce saura kaɗan, sai ta ce, "Kaɗan ɗinki ba ya ƙarewa, Amarya. Ke da mai awon hatsi ban san wanda ya fi ha'inci ba." Amma in hantsi ya yi Anti ba ta shigo ba, sai ka ji ta tana buga sanda a ƙasa, "Yau azzalumar tawa ba ta zuwa ne?"

Kafin damina ta zagayo ta kai gindin lemo ba sanda. Ta shiga banɗaki ita kaɗai ta ja ƙyaure da hannunta, ta fito tana harare-harare kamar wadda ta ci gasa ba ta son a yi mata barka. Ta taka har gidan Sista ta zauna ta sha shayi, bayan ta shinshina. Wata la'asar na shiga ɗakinta na tarar goshinta a ƙasa, sujada irin wadda ta daɗe ba ta yi ba, ta jima ba ta ɗago ba. Na koma da baya a hankali, zuciyata cike kamar tulun da aka bari a ruwan sama. Mutanen unguwa kuwa abin da suka gani shi ne tsohuwa tana ɗauko buta, tana share bakin ƙofarta, suruka na tsaye tana kallo. Ranar da za ta rasu ma da ƙafarta ta je ta yi alwalar walaha, ta dawo ta ce ƙirjinta ya yi nauyi, ta kwanta. Ba a kai ga kiran mota ba.

A zaman makoki na sami Anti a bakin murhu na ce zan faɗa, ai Dada ta ba mu izini. Ta ce, "Takwara, uwar Adda ce ta rasu. Ba yau ake gaya wa mutum cewa hidimarsa ce ta kwantar da uwarsa ba. In na je gida na je." Ta ci gaba da juya miya. Sai a lokacin na lura idanunta sun kumbura, ashe a bayan ɗakin girki take kukanta, don suruka ba ta fin 'ya'yan ciki kuka a bainar jama'a.

Ranar sadakar uku tsohuwar da ta yi wa Dada wanka ta zo karɓar gumba. Ita ke wankan gawar matan unguwarmu tun ban san kaina ba, kuma ba a taɓa jin ta fitar da abin da ta gani ba. Ta zauna kusa da Goggo, ta ji ana ta raɗar da aka saba, sai ta ce, "Aibin mamaci ba a faɗa, amma alheri an ce a faɗa. Tsofaffin da suka daɗe a kwance ina gane su. Baya duk ciwo, gwiwa a ƙage, sai mun yi da gaske kafin ƙafa ta miƙe a likkafani. Wannan baiwar Allah kuwa fatarta lafiya lau, ƙafafunta suka miƙe da kansu kamar na mai barci. Na ce a raina, ko wace ce ta yi jinyar nan, Allah Ya ba ta mai yi mata."

Goggo ta ce, "Jinya? Wadda aka bari tana ɗaukar buta?"

Sista na gefe a kan kujera, gyale a kanta. Ta ce, "Butan nan ne ya tashe shi, Goggo."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Goggo, zo ki gani." Na kai ta ɗakin Dada na ɗage labule. A jikin bango, daidai kafaɗa, akwai sawun tafuka biyu, farar ƙasa ta goge, wurin ya yi duhu ya yi santsi saboda yawan dafawa. Na gaya mata komai, har tafiyar ɓarawon kaza. Ta saurara fuska a ɗaure. Ta ce, "Ke ma an saye ki." Amma ta ɗora tafinta a kan sawun, ya zauna daidai, don hannunsu iri ɗaya ne. Ta daɗe a haka. Ta fita, kuma har aka kwana aka tashi ba ta janye maganarta a wurin Bappa ba.

Ranar addu'ar bakwai, bayan maza sun shafa an watse, Bappa Ƙarami ya shigo cikin gida ya tsaya daga nesa, yana jiran abin da yayarsa za ta ce. Anti ta riga ta haɗa kayanta a ɗaki, na gani da idona. Goggo na zaune a tabarma tun safe, kuma ita ma gwiwa ta fara cin ta, shekaru sun ja. Aka kira azahar. Ta yunƙura za ta tashi ta koma. Mata biyu suka zabura, wata ta ruga ta ɗauko mata buta.

"Mayar da ita inda kika ɗauko," in ji Goggo. "Gindin lemo."

Ta ɗaga kai ta nemi Anti da ido har ta same ta a bakin ɗakin girki.

"Ke, Amarya."

Ba ta taɓa kiran ta da wannan suna ba. Anti ta taho ta durƙusa ta ce, "Na'am, Adda," ta miƙa mata hannu.

"Ban ce ki taɓa ni ba. Tsaya a bayana, yadda kike yi mata."

Anti ta zagaya ta tsaya, ta buɗe hannuwanta. Goggo ta dafa ƙasa, ta dafa gwiwa, ta yi nishi, ta karkata kaɗan, hannun Anti ya matso bai taɓa ba, ta miƙe. Tana haki ta ce, "Azzaluma." Hawaye na bin fuskarta. Sannan ta juya ga ƙanenta ta ce, "Kai kuma me ka tsaya kallo? Ba ka da masallaci ne?"

Bappa ya fita da sauri yana gyara hula. Goggo ta nufi gindin lemo a hankali, Anti na biye da ita taku-taku.

Allah Ya jiƙan Dada, Ya yalwata mata makwanci, Ya haɗa ta da Malam da ya taka mata ƙasa tun daga Zungur. Bappa Babba ya turo masu fenti su gyara ɗakin, Goggo ta ce su shafe ko'ina amma ban da bangon nan, kuma da yake 'yar Dada ce, mai zargi irinta, ta ja kujerar katako ta zauna tana gadinsu har suka gama.